Azurfar Teku a Kasuwar Gadarif

Mai son ganin inda ƙasa ta yi faɗi har ido ya gaji, ya hau mota daga Wad Madani ya nufi gabas. Da an haye Bahar Azraƙ, reshen Nilun da ke gangarowa daga Habasha, shi ke nan an rabu da inuwa. Baƙar ƙasa ce shimfiɗe, ba tudu ba kwari, sai duwatsun Fau da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili, ka hango su tun daga nesa, ka yi ta tafiya ba ka cim musu ba. Da kaka na bi hanyar, kafin yaƙin da ya ɓarke a Kartum cikin Afrilun 2023, lokacin dawa ta yi kai, an kuma fara yankan riɗi. Gona ɗaya sai mota ta yi ta gudu a gefenta ana hira, a gama hirar ba a kai ƙarshenta ba. Direbanmu ya ce da damina in ka sauka daga kwalta, laka za ta karɓe maka takalmi, tarakta ma takan kwana a ciki. Haka ake isa Gadarif, kimanin kilomita 410 daga Kartum, ba nisa da iyakar Habasha.

Tsohon sunan garin Suƙ Abu Sin, kasuwar gidan Abu Sin, shugabannin Larabawan Shukuriyya. Kasuwa ce ta haifi garin, har yau kuma ita ke riƙe da shi. Jirgin ƙasa ya iso daga Kasala a 1928, ya zarce Sinnar a shekarar da ta biyo baya. A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka fara gwada noman tarakta a Gadambaliya, yamma da garin, ba tare da ban-ruwa ba, sai abin da sama ta zubo. Daga nan aka samu gonakin da ake aunawa da faddan 1,000 ko 1,500 ga mutum ɗaya. Tun daga wajen gari za ka hango dogon rumbun siminti da aka gina a shekarun 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyet, a gindinsa kuma ga bukkokin ciyawa masu tsinin kai da ake kira gudɗiyya. Attajirin da ke da bene ma sai ka tarar ya bar ɗaya a tsakar gida, don ta fi siminti sanyi.

Kasuwar amfanin gona ita ce zuciyar garin. Da hantsi ake buɗe gwanjon riɗi. Mai saye zai soka ƙarfe a buhu, ya zuba tsaba a tafin hannu, ya hura, ya tauna, ya faɗi kuɗinsa a kan kintari, wanda ya kai kusan kilo 45. Babu ihu irin wanda na saba ji. Cinikin da ya isa a sayi gida da kuɗinsa sai a ƙulla shi da gyaɗa kai da musafaha, a tashi a tafi shan jabana, kofin nan nasu mai citta da ake zubawa daga 'yar tukunyar yumɓu. Farin riɗin Gadarif yana da suna a Sin da Turkiyya da Masar da Saudiyya, kuma mafi yawansa ta Bur Sudan yake fita, kusan kilomita 800 a kan kwalta. Masu ɗinke bakin buhunan da yawansu ba su taɓa ganin teku ba, amma sun san in jirgin ruwa ya makara, farashi zai faɗi a gabansu.

Abin da ya fi zauna mini a rai game da mutanen garin shi ne sha'anin ruwa. Gadarif gari ne mai ƙishi. Daga kogin Atbara ake janyo ruwan, a unguwanni da dama kuma sai an saya a wurin masu amalanken jaki. Duk da haka ba ka tafiya mai nisa ba ka ga randuna biyu ko uku a ƙofar gida ba, a ƙarƙashin 'yar rumfa, da moɗa a ɗaure, sadaka ga duk mai wucewa. Wanda ya sayi ruwa da kuɗinsa ya ajiye wa baƙon da bai sani ba, ba ya bukatar a yi masa wa'azin karamci. Haka nan karin kumallo, da suke yi wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya: a ajiye babban faranti na wake da man riɗi a bakin shago, duk wanda ya gitta a ce masa "itfaddal", in ya ƙi a riƙo hannunsa.

A gidan Bahaushe na sauka, kamar yadda kusan duk ɗan Arewa da ya je can yake yi. Hausawan Gadarif ba baƙi ba ne. Suna cikin gari, suna ƙauyukan bakin kogin Rahad da Atbara da Sitit, suna noma da su da fatauci, su ne kuma masu agashe, gasasshen naman nan mai ƙuli da duk Sudan ta sani. Hausarsu ta sha Larabci, amma tsofaffinsu suna da kalmomin da mu a Kano muka daɗe da yarwa. Mahaifin mai masaukina, dattijo ne da ya haura tamanin, ya ce kakansa daga ƙasar Haɗeja ya taso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a har bakin Bahar Azraƙ, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a 1906. Wasu suka tsaya nan, wasu suka ƙara gaba, niyyar kowa Makka.

Na ce, "Baba, to ku yanzu 'yan ina ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu matafiya ne. Zango muka yi, ya ɗan yi tsawo."

Sai ya shiga lissafa mini hanya kamar mai jan carbi: Kano, Barno, Kusiri, Atiya, Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir, Nuhud, Ubayyid, Kosti, Sinnar, Gadarif, Kasala, Sawakin, sai ruwa, sai Jidda. Bai tsaya ga sunaye ba. Ya san inda rijiya ke da zartsi, inda ake tsayawa a yi damina guda ana ƙodago a tara guzuri, inda ake tafiyar dare saboda rana, inda ba a kwana saboda 'yan fashi. Shi kansa bai taɓa wuce Ubayyid ta yamma ba. A bakin kakansa ya hardace, kuma da aka kawo taswira daga baya muka bi da yatsa, babu zangon da ya tsallake ko ya sa a gaban ɗan'uwansa. Da na tambaye shi da me ake ɗaukar guzuri a irin wannan tafiya ta shekaru, sai ya aika jikansa cikin gida. Yaron ya dawo da tsohuwar ɗamarar fata, an ɗinke mata aljihuna a jere, kowanne daidai faɗin kwandala. Biyu daga ciki har yanzu da azurfa.

Liyari ne, irin wanda kakanninmu mata ke ratayawa a wuya. Gaba hoton wata ƙasaitacciyar mace, baya mikiya mai kai biyu, da shekarar 1780. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a wannan shekarar. Saboda 'yan kasuwar Bahar Maliya da Habasha da ƙasar Larabawa sun ƙi yarda da duk wani canji a jikin kwandalar, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekara ɗaya, a Biyana, daga baya har a Roma da Landan da Faris da Bombai. Nauyinta giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa. Baba ya ce takardar kuɗi tana mutuwa a kan iyaka, sarki ma yana mutuwa, amma wannan daga Kano har Makka ba a taɓa mayar wa kakansa da ita ba.

Wannan ɗamara ce ta kai ni layin maƙeran azurfa. Maƙerin da aka haɗa ni da shi yana da gwangwani cike da tsofaffin kwandaloli, waɗansu da huda, waɗansu an liƙa musu zobe. Matan Rashaida, waɗanda kakanninsu suka hayo Bahar Maliya daga Hijaz a tsakiyar ƙarni na 19, su ne manyan masu saye. Na ga wata ta ɗauki liyari ta kai kusa da ido tana duba 'yan ɗigon da ke kan maɓallin kafaɗar sarauniyar. In sun shafe, kwandalar ta sha hannu, ta rage nauyi, kuɗinta ya sauka. Shi kuwa maƙerin ba ya dubawa. Ɗora ta yake a kan yatsa ya ƙwanƙwasa da wata, ya saurara. Ta gaske tana da dogon amo, ta jabu kuwa sai ta ce "ƙwas" ta yi shiru. Ya ce Gallabat, garin kan iyaka da ke kudu maso gabas da Gadarif, ita ce ƙofar da wannan azurfa ta riƙa shiga da fita, don Habashawa sun yi ta ciniki da ita har 1945. Gallabat ɗin ma a ƙarni na 19 Takarir ne ke sarautarta, wato alhazan yamma da suka yi zango suka zauna.

Can ƙasan gwangwanin ya lalubo wata daban, ta sha jiki, ya ce, "Ya Hajj, ga abu madfa." Mai igwa ke nan. A bayanta akwai dogayen abubuwa biyu a tsaye, da ƙyalle naɗe a jikinsu, waɗanda Larabawa suka ɗauka bindigogin igwa ne. Riyal takwas ce ta Sifaniya, a gabanta sunan sarki Karlos da sanduna huɗu a jere. Matafiyin nan ɗan Suwizalan, Burckhardt, da ya bi ta Shandi a 1814 kafin ya gangara Sawakin ya haye zuwa Jidda, ya tarar 'yan kasuwa sun fi yarda da mai sanduna huɗun a kan mai uku, ba don sun karanta sunan ba, sandunan suke ƙirgawa. A Kano kuma, lokacin da wani matafiyin, Barth, ya sauka a 1851, dala ɗaya irin wannan tana canzuwa a kan wuri 2,500.

Abubuwan nan biyu ba igwa ba ne, ginshiƙai ne. Wanda ya warware mini wannan wani malamin labarin ƙasa ne mai ritaya, abokin mai masaukina, wanda kowa ke kira Ustaz. Ya yi koyarwa a Bur Sudan yana saurayi, a can ya kamu da son tara kuɗaɗen ƙasashe, yana musaya da ma'aikatan jiragen ruwa. A kan gadon igiya muka zauna a tsakar gidansa bayan la'asar, ya buɗe akwatin katako da aka shimfiɗa wa auduga.

Ta farko da ya miƙo mini yayar ta maƙerin ce, irin wadda aka fara bugawa a birnin Meziko a 1732, aka daina wajen 1772. Ban taɓa ganin kwandala mai kyanta ba. A tsakiya ƙwallon duniya biyu ne, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, tsohuwar duniya da sabuwa, da zanen nahiyoyi a jikinsu. Kambin sarauta ɗaya ya rufe su duka. A ƙarƙashinsu raƙuman ruwa, a dama da hagu ginshiƙan nan biyu, masu wakiltar duwatsun da ke gefe da gefen mashigin Jabal Ɗariƙ, inda Bahar Rum ke buɗewa cikin Atilantika. Mutanen da sun ɗauka nan ne ƙarshen inda jirgi ke zuwa. Rubutun Latin da ke jikin ƙyallen yana cewa akwai gaba. Taswirar duniya ce sukutum a kan azurfa giram 27, kuma alfahari ne na masu cewa sun haye tekun sun mallaki abin da ke bayansa. Ustaz ya ce in lissafa tafiyar da irin wannan kwandala ke yi: a haƙo azurfar a Meziko ko a dutsen Fotosi da ke Bolibiya ta yau, a loda a jirgi zuwa Kadis, ta bi Bahar Rum zuwa Iskandariyya, ta gangara Jidda a jakar mai sayen kofi, ta hayo Sawakin, ta hau raƙumi, ta ƙare a goshin amarya a karkarar Gadarif. Amaryar ba ta san Amurka ba, amma tana ɗauke da hotonta.

Sauran na akwatin ba kuɗin kasuwa ba ne sosai, na tunawa ne, waɗanda gwamnatoci ke bugawa don girmama wani mutum ko wata rana. Na Fotugal sun fi yawa. Tun daga 1987 ƙasar ta shiga fitar da jerin kwandaloli a kan matuƙan jiragenta na ƙarni na 15 da 16, ta yi ta yi har wajen 2000. Ga mai eskudo 100 ta Gil Eanes, wanda a 1434 ya wuce tsinin Bojador a gaɓar Sahara, wurin da matuƙan Turai ke tsoro suna cewa wanda ya wuce ba ya dawowa. Ga ta Nuno Tristão, ga ta Diogo Cão da ya kai bakin kogin Kwango, ga ta Bartolomeu Dias da ya kewaye ƙarshen Afirka ta kudu a 1488. Aikin zanen ya isa a yaba. A fili ɗan ƙanƙane an fitar da igiyoyin jirgi ɗaya bayan ɗaya, da kumburin ƙyalle in iska ta cika shi, da layukan da ke fita daga tauraron kamfas kamar yadda suke a taswirorin wancan zamani.

Na yaba, amma ban iya yin shiru ba. Na ce, "Ustaz, ai wannan Gil Eanes ɗin yana cikin ayarin da ya kamo mutane a gaɓar Muritaniya a 1444, aka raba su 235 a filin garin Lagos na Fotugal, uwa daban ɗa daban." Ya ce ya sani, ya kuma san Nuno Tristão kibiya mai dafi ce ta kashe shi a 1446 a wani bakin kogi na yammacin Afirka, wurin farautar mutane. Ya ce kwandala fuska biyu gare ta kawai, kuma mai bugawa shi ke zaɓen abin da zai sa a kowacce. Shi abin da ya sa yake ajiye su, yana nuna wa ɗalibai ne su ga yadda al'umma ke tattala masu saninta, sannan ya gaya musu abin da aka bari ba a zana ba. Na ga hikimar hakan, ko da yake har yanzu ina ganin ƙasar da ta buga kwandala goma-goma a kan jiragen, ba za ta rasa azurfar buga ɗaya a kan waɗanda aka loda a cikinsu ba.

Akwai mai mark 5 ta Jamus ta 1969, da fuskar Mercator, mai taswirar 1569 da har yau ke rataye a azuzuwanmu. Ustaz ya kare shi. Ya ce mutumin don matuƙa ya yi ta: in ka ja miƙaƙƙen layi daga tasha zuwa tasha, ka saita kamfas a kan wannan kusurwa, za ka isa. Farashin wannan sauƙi shi ne ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya sun kumbura, har Girinlan ta yi kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. Laifin na wanda ya ɗauko kayan aikin jirgi ya rataya wa yara a aji ne. A Agustan 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan masu neman a sauya ta a makarantu, na kuwa tuna da shi.

Da muka zo kan Bahar Maliya sai muryarsa ta canza, don nan gida ne. Ya fito da takardar lira 10 ta Turkiyya ta 2005, a bayanta taswirar Piri Reis ta 1513, wadda aka zana a kan fata, aka gano ta a fadar Topkapi a 1929. Piri Reis ya harhaɗa ta ne daga taswirori kusan 20, har da ta Kolumbus. A ƙarshen rayuwarsa shi ne shugaban jiragen yaƙin Usmaniyya da ke Suwes, ya ƙwato Adan a 1548, ya gaza cin Hurmuz a 1552, aka fille masa kai a Masar yana tsoho tukuf. Kafin shi da 'yan shekaru, a 1541, jiragen Fotugal sun shigo wannan teku a ƙarƙashin Estêvão da Gama. A cikinsu akwai João de Castro, wanda ya auna zurfin ruwa, ya lura da yadda allurar kamfas ke karkacewa daga wuri zuwa wuri, ya zana tsibirin Sawakin da mashigarsa, ya yaba arzikin garin har yana gwada shi da Lisbon. Ayarin nasu bai bar wurin ba sai da ya cinna wa garin wuta. Sawakin ta sake tashi da gidajenta na dutsen murjani, ta yi ƙarnuka tana haye da alhazai, sai da aka buɗe Bur Sudan a 1909 sannan ta fara rushewa. Daga nan zuwa Jidda ya ɗan haura kilomita 300, cikin ruwa mai cike da duwatsun da ba a gani sai jirgi ya hau su. Baba ya ce kakansa, da ya yi shekaru yana taka ƙasa ba tsoro, a nan ne ya yi wasiyya kafin ya shiga jirgin ruwan da ake kira sambuk.

Mutumin da Ustaz ya fi ƙauna babu shi a akwatin. Ahmad bin Majid ne, matuƙin Julfar da ke gaɓar Tekun Fasha, wanda wajen 1490 ya rubuta Kitabul Fawa'id a kan ilimin tuƙin teku, ya ware wa Bahar Maliya babi guda saboda haɗarinta. Matuƙan zamaninsa da ɗan allo suke auna inda suke, mai igiya a tsakiya da ƙulle-ƙulle. Mutum ya ciji ƙulli, ya miƙa allon gaba har gindinsa ya zauna a inda ruwa ya haɗu da sama, kansa ya taɓa tauraron arewa. Ƙullin da ya dace shi ke gaya masa ko ya yi daidai da Jidda ko da Adan. Da yatsu suke ƙirga tsayin tauraro. Ustaz ya yanki kwali ya ɗaura zare, bayan isha'i ya gwada mini a tsakar gida, ya ce katangar maƙwabci ita ce bakin teku.

A wannan dare na ji abin da ya fi duk azurfar burge ni. Wani manomi da ya shigo gaisuwa ya ji ana maganar taurari, sai ya ce bana Natra ta yi ruwa, Ɗarfa ta yi rowa, Jabha ce ta ceci dawa. Manoman Gadarif, har masu tarakta goma, da taurari suke lissafin damina, kusan kowanne kwana 13: Dira, Natra, Ɗarfa, Jabha, Khirsan, Sarfa. Sun san wanda in aka yi shuka a cikinsa an dace, da wanda in ya wuce sai dai a haƙura da riɗi a koma dawa. Ustaz ya ce ai su ne masaukan wata 28 da Ibn Majid ya yi wa dogon sharhi, da su matuƙi ke sanin lokacin da iska za ta juya. Ni kuma na ce su ne dai Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da malaman zaure ke lissafa wa manoma a ƙasar Kano da Katsina. Mu uku muka zauna muna jera sunayen, kowa da lafazinsa, babu wanda ya ɓace wa wani. Ilimi ɗaya ne ya ratsa daga jirgin ruwan Tekun Indiya har gonar gero a Ɗambatta, kuma hanyar da ya bi ita ce wadda Baba ya lissafa mini.

Kafin mu tashi Ustaz ya ɗauko wata ƙaramar kwandala ta Sudan ta 1956, shekarar samun 'yanci. Babu sarki a kanta, babu janar. Mai kai wasiƙa ne a kan raƙumi yana sauri, hoton da ya fara fitowa a kan tambarin gidan waya tun 1898. Ya ce ƙasarsa ta yi kurakurai da yawa, amma a kuɗinta na farko ta girmama mutumin da aikinsa sanin hanya ne. Sai ya tambaye ni, "Ku fa, ɗan'uwa, wa kuka sa?"

Muna da wanda za mu sa. A 1824 wani Bature matafiyi, Clapperton, ya sauka a Sakkwato, ya yi ta tambayar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ina Kwara ta nufa. Bello, wanda tun 1812 ya bayyana ƙasashen baƙar fata ɗaya bayan ɗaya a cikin Infaƙul Maisuri, ya sa aka zana masa taswira da garuruwa da koguna da hanyoyi, da rubutun Larabci. A cikinta an ja kogin ya yi gabas zuwa Masar. Masana sun daɗe suna muhawara a kan dalili: wasu na ganin Bello ya ɓoye wa baƙon hanyar teku ne da gangan, don ya san abin da Ingilishi suka yi a Indiya, wasu na ganin ya bi fahimtar malaman zamaninsa ne. Ko wanne ne, taswira ce da aka zana a ƙasar Hausa, da idon mutanen da fuskarsu ke kallon gabas, kuma an buga ta a Landan a cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton. Muna da madugai da jagabai da suka kai ayari Gwanja da Gadamas da Sawakin ba kamfas ba takarda. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da naira 50 ta tunawa a 2010, da naira 100 a 2014, saboda haka ba sabon abu za a roƙa ba.

Yaƙin da ya biyo bayan tafiyata ya cika Gadarif da 'yan gudun hijira daga Kartum da Madani da Sinnar, a kan waɗanda suka tsero daga Tigray tun 2020. Makarantu sun zama masaukai, kuma mai masaukina ya gaya mini ta waya cewa randunan ƙofar gida ba a daina cika su ba. A irin wannan hali azurfar gado ita ake fara kaiwa wurin maƙeri, tsofaffi kuma su ake fara rasawa. Sassan tarihi na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa a Kaduna, suna da ɗaliban da ke jin Hausa da Larabci. Da zarar hanya ta yi kyau, a tura su Gadarif da Mai Wurno da ƙauyukan Rahad da na'urar ɗaukar murya, su zauna gaban dattawan nan su karɓi zango-zangon tun da sauran masu iya jerawa, a zana su a taswira a raba wa makarantu. Babban Banki kuma ya duba taswirar Bello: a 2026 take cika shekara 200 da bugawa.